Malam Isiyaku da Hannayensa a Baya

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un.

Da safiyar nan ina buɗe shago limamin masallacinmu na Mile One ya kira ni, ya ce Malam Isiyaku ya rasu. Hawan jinin nan nasa ne ya tashi bayan asuba, ko asibiti ba a kai ba. Har yanzu jikina bai dawo daidai ba.

Ga waɗanda ba su san shi ba, malami ne a makarantar kurame da masu naƙasa a nan Fatakwal. Aikinsa bin shago-shago yana nema wa 'yan ajin ƙarshe wurin koyon sana'a kafin su gama. Haka ya zo mini bara da wani saurayi kurma, Nura, ya ce in ba shi keken ɗinki ɗaya da kujera.

Na ce, "Malam, masu kunnen ma ya na ƙare da su?"

Ya ce, "To ai ka huta, Oga Sani. Wannan ba zai ji faɗanka ba, balle ya rama."

Bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Ko bole ne, gasasshiyar ayabar nan, da kifi sai ya riƙo mana, mu ci a kan teburin yanka yana tsokanata wai almakashina ya girme ni.

Amma yana da wata ɗabi'a da ta riƙa ba ni haushi. In kwastoma ya shigo, shi da ya iya maganar hannu, sai ya koma bakin ƙofa ya harɗe hannayensa a baya, ya bar Nura da mutum. Wata rana wani ya kawo yadi yana ta ɗaga murya, "Oga, dis your boy no dey hear?" Nura na zufa, ni ina hararar Malam, Malam na kallon ruwan sama. Can yaron ya ɗauki alli ya zana wuyan riga iri biyu a kan tebur. Mutumin ya nuna ɗaya, ya ɗaga hannu aka yi masa awo.

Da ya fita na ce, "Malam, wannan ai mugunta ce."

Ya ce, "Hannun nan ba za su bi shi ko'ina ba. Gara ya saba tun ina tsaye."

Abin da ya hana ni sukuni ke nan yau. Nura ya gama makaranta a satin nan, kuma mahaifinsa, Alhaji, dillalin shanu a Trans-Amadi, ya yanke cewa ran Asabar zai sa shi a motar shanun da za ta koma Arewa, ya je ƙauye ya zauna wurin kakarsa. Ba mugu ba ne, tsoro yake ji, ya ce kurma a titin garin nan mota ce za ta kwashe shi. Amma a nan aka haifi Nura. A ƙauyen babu mai gane maganar hannunsa ko mutum ɗaya, babu keke, babu aiki. Zama kawai zai yi.

Malam kaɗai Alhaji ke saurara.

Shekaranjiya ne ganinmu na ƙarshe da Malam. Ya ɗaga kaftanin da Nura ke ɗinka wa mahaifinsa, ya juya cikinsa ya duba, ya ce, "Ran Juma'a bayan masallaci za mu je wurin Alhaji mu uku. Ni ba zan ce komai ba, rigar nan ta isa."

Ɗazu Nura ya shigo yana leƙen ƙofa. Ban san yadda ake cewa mutuwa da hannu ba, Malam bai taɓa koya mini ba. Sai na fuskanci alƙibla na yi kabbara, na tsaya ƙyam ba ruku'u ba sujada, na yi sallama. Sannan na koma bakin ƙofa na harɗe hannayena a baya.

Ya gane. Kukan da ya yi ba zan iya rubuta shi ba.

Tare muka je jana'iza. Da muka dawo bai ci komai ba, ya zauna yana ɗinka maɓallan kaftanin. Ga shi nan a gabana har yanzu.

Gobe Juma'a. Za mu je Trans-Amadi mu biyu. Ni tela ne, ban iya lallashin manya ba, kuma wallahi tsoro nake ji Alhaji ya karɓi rigar ya sa albarka, ran Asabar kuma ya sa yaron a mota. Abu ɗaya na sani, Nura ne zai miƙa ta da kansa, ni kuma zan tsaya a bakin ƙofa hannuna a baya.

Allah ya jiƙan Malam Isiyaku, ya haskaka kabarinsa, ya dubi iyalinsa da ɗalibansa. Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a, ya kuma roƙa wa Nura Allah ya tausasa zuciyar mahaifinsa kafin Asabar.