Jirgin da bai sauka garinmu ba

A bazarar shekarar 1974, makonni kaɗan bayan sojoji sun karɓi mulki, wata safiyar Laraba, garinmu kaf ya fito ya tsaya a bakin faƙon da ke gabas da rijiya, kowa ya ɗaga kai sama. Ƙaramin gari ne, arewa da Mayahi, a kan hanyar Issawane. Muna jiran jirgin da aka ce zai kawo likita da magani da garin madara. Ina cikin layin 'yan lakwal, wato 'yan makarantar boko, shekarata goma sha biyu, na kuma san abin da na aikata jiya da la'asar.

Damina uku ke nan tana yaudararmu. Rumbunan gidanmu sun zama wurin kwanan ƙadangaru. Inna takan jiƙa anza, 'ya'yan wani itacen daji, kwana da kwanaki don ɗacinta ya fita, mu kuwa in mun taso daga lakwal sai mu bi ramukan tururuwa muna tono, ko a dace da 'yan tsabar da suka ɓoye. Langa da muke yi a dandali ta mutu da kanta, ba wanda ke da ƙarfin tsalle da ƙafa ɗaya. Shanun Baba sun faɗi ɗaya bayan ɗaya, sai wata karsana mai farin goshi da muke kira Kyalla. Ni ke kakkaɓo mata 'ya'yan gawo, ni ke tallabar ƙugunta in ta kasa tashi. Baba yakan ce, "In dai akwai ƙafa huɗu a turke, gida bai mutu ba." Na riƙe maganar nan fiye da yadda na riƙe karatu. Ana cikin haka ƙyanda ta shigo gari. Ta kama ƙanwata Rabi, 'yar shekara huɗu, idanunta suka liƙe, tari ya sauka ƙirjinta.

Wani sajan aka turo ya shirya wurin saukar jirgi. Manya suka share faƙo, suka tone kututture, suka cike ramuka. Ƙasarmu ba duwatsu, don haka aka jera tubali da fasassun tuluna a gefe biyu, aka ce 'yan lakwal su shafe su da farar ƙasa. Sajan ya tsaya gabanmu ya ce, "Mai tuƙa jirgin nan ba shi da komi sai idonshi. Abin da ya gani fari, nan ne fili. Abin da bai gani ba, babu shi." Da yake na fi kowa girma a aji, Mushe Idi, malaminmu, ya ba ni bakin fili na gabas, layin da ya gitta, inda jirgi zai fara taɓa ƙasa. Bayan layin akwai kwazazzabo mai zurfi. Aka auna mini ruwa tulu biyu na kwaɓi, a lokacin da kowane gida tulu ɗaya yake samu a yini.

Na ɗauki tulun farko, hanya ta biyo da ni ta bayan dangarmu. Kyalla na kwance, ta miƙe wuya a ƙasa, ta ji ƙanshin ruwa ta ɗago. Ba zan ce shaiɗan ba ne, ni ne. Na zuba mata, ta shanye, na koma na ɗauko na biyun, shi ma ta shanye. Sannan na kwashi toka a murhun Inna cikin ƙwarya, na gauraya da busasshiyar farar ƙasa, na bi tubalan nan ina barbaɗawa ina shafawa da tafin hannu. Daga nesa sun yi fari tas. Na koma gida har ina jin na yi dabara.

Ranar Larabar da hantsi muka ji ƙugi daga kudu. Aka kunna busasshen kashin shanu da tsohuwar taya don hayaƙi ya nuna wa matuƙi inda iska ke kaɗawa. Iskar da ta kwantar da hayaƙin nan ita ta riga ta share aikina tun da sassafe. Gefe biyu na fili suna ƙyalli, bakin gabas kuwa ya koma launin ƙasa, ba a rabe fili da kwazazzabo. Jirgin ya sauko ƙasa-ƙasa har muka ga kan mutum ta taga, ya tashi, ya kewayo, ya sake saukowa. A karo na uku ya karkata, ya miƙe kudu. Sajan ya taka har gabas, ya shafa tubali da yatsa, ya dube ni. Na ce tulunan ne suka fashe a hanya. Mushe Idi ya ce, "Laifina ne, sajan, ni ban zo na duba ba." Gaban ɗalibansa aka zage shi, na yi shiru.

Maganin ya iso cikin kamiyo, babbar motar kaya, bayan kwana goma sha ɗaya, yana tafe yana kafewa a rairayi. Rabi ta rasu a rana ta shida. Kyalla ta rayu, ta ga damina, ta yi ta haihuwa. Duk shekarun nan in Inna ta dama fura da nononta sai in ce cikina ba ya so.

Karatuna bai yi nisa ba. Da na girma na sami aikin yankan ciyawa a filin jirgi na Yamai, gaban wasu ƙarafa da aka kafa a ƙarshen titin sauka. Wani dattijo mai kula da su ya bayyana mini aikinsu. Suna aika saƙon rediyo iri biyu, ɗaya ya gaya wa matuƙi ya yi dama ko hagu, ɗaya ya gaya masa ya yi sama ko ƙasa. In gari ya rufe da hadari ko ruwa, sai ya bi allurar da ke gabansa. In gari garau ne yana iya zaɓar ya sauka da ido. Amma ko da na'ura, akwai tsayin da in ya kai bai hangi fili ba, dole ya tashi. A daji kuwa ido ne kawai, daga farko har ƙarshe. Na ba shi labarin garinmu kamar na wani yaro daban. Ya ce, "Wa ya sani? Wataƙila ƙasar ce ya ga ta yi laushi. Amma matuƙin kirki ba ya sauka inda bai ga bakin fili ba." Na so in riƙe rabin farko na maganarsa, na kasa.

Sai da Inna ta tsufa, ta daina gani, na durƙusa gabanta na faɗa mata.

"Na sani, Sule," ta ce. "Dabbar da ta kwana uku ba ta sha ba, na tarar da turkenta jiƙe da fitsari."

"Inna, don mi ba ki taɓa faɗa ba?"

"In rasa ɗiya, in kuma rasa ɗa? Tashi, Allah ya yafe mana."

Ta yafe. Baba da Mushe Idi kuwa sun tafi ban samu ƙarfin zuciyar faɗa musu ba.

Yau faƙon ya zama gonakin gero, akwai gidan likita a garin da ke kusa da mu, yaro in ya kwanta a ɗora shi bisa moto, wato babur. Jikokina kan ji jirgi ya wuce can cikin gajimare ba su ko ɗaga kai. Ni har yanzu ina ɗagawa, ina lissafa shekarun da Rabi za ta yi da tana nan, ita ma da jikoki kewaye da ita. Gafarar uwa na samu, amma ba ta mayar da kwana shidan nan baya ba.