Cokalin Kwashe Maiƙo

Kafinta mutum ne da shinkafa da burodi suka gina. Tun yana saurayi yake ɗaga katako a wani shago mai rufin kwano a bakin titi, kuma a wurinsa duk abincin da bai yi tozo a faranti ba, ba abinci ba ne. Sai ga ciwon sukari ya yi masa sallama. Ciwon nan ne ya sa aka yanke wa yayansa ƙafa, don haka da Likita ta ce ya rage shinkafa da burodi da taliya da dankali, ko musu bai yi ba. Ƙafarsa yake so.

Likita ta ƙara da cewa ya ci ƙwai da kifi da nama da ganye, a sa masa mai daidai gwargwado. Wannan rabin maganar ne ya zube masa a hanya. Da ya isa gida sai ya ce wa matarsa, "Maman yara, an hana ni abinci mai nauyi." Da bakinsa ya jawo wa kansa.

Ita kuwa matar nan tana da tsohuwar gaba da mai. Ciwon zuciya ne ya kashe mahaifinta, kuma tun daga ranar ta yanke hukuncin cewa maiƙo ne ya toshe masa jijiyoyi. Sai ta cire shinkafa bisa umarnin Likita, ta cire mai bisa umarnin kanta. Fatar kaza ta zama rabon kyanwa. Ƙwai sai dafaffe, shi ma ta ƙwaƙule gwaiduwar. Har cokali mai faɗi ta ware, tana bin saman miya da shi tana kwashe duk ɗigon da ya yi ƙyalli, sai miyar ta koma kamar ruwan wanke-wanke.

"Haba Maman yara," in ji shi, "ko akuya aka ba wannan kabejin sai ta kai ƙara."

"Ci dai, Baban yara. Lafiyarka nake nema."

To me zai ce? Da mugunta take yi da ya san yadda zai yi faɗa. Amma tun asuba take tsaye a kicin saboda shi, sai ya haɗiye takaicinsa tare da kabejin.

A shago abin ya fi muni. Kafin rana ta take, yunwa ta gama galabaitar da shi. Mutumin da ake yabon idonsa a kan awo, sai ga shi ya yanke ƙafar tebur ta gajarce. Mai walda na kusa da shi ya leƙo, ya ga yadda ya rame, yana dariya: "Kafinta, ka riƙe wandon nan da kyau, zai gudu ya bar ka!"

Ranar ya sayi burodi. Ya ɓoye shi a durowar wani kabad da ba a zo ɗauka ba, yana gutsura yana ci da bayansa a titi, kamar ɓarawo a shagonsa na kansa. Gobe ma haka, jibi ma haka. Kowace loma sai ya tuna sandar yayansa, ransa ya ɓaci, ya kuma kai wata.

Da yatsun ƙafarsa suka fara yi masa kamar ana tsira allura, ya koma asibiti, matar na biye da shi. Sukari ya hau. Likita ta tambaye shi me yake ci, matar ta karɓe da alfahari: babu shinkafa, babu burodi, mai kuwa ko ɗigo.

Likita ta ajiye biro. "Mama, to da me kike so ya ɗaga katako? In aka janye shinkafa, mai ne ke riƙe ciki ya ba jiki ƙarfi. Ban ce ya sha da kofi ba. Ɗan man gyaɗa ko na zaitun, kifi mai maiƙo, ƙwai da gwaiduwarsa. Mai jin yunwa kuwa dole ya nemi mafita. Baba, me kake ci a shago?"

Kafinta ya sunkuyar da kai. "Burodi."



Washegari da safe ya ji ƙamshin suya a gidan, abin da ya manta rabonsa da shi. Ta ajiye masa kifi da miyar ganye, mai na ƙyalli a sama. Ya ja farantin ke nan sai ya ga hannunta ya miƙo da cokalin nan mai faɗi, ita kanta ba ta san ta ɗauko shi ba. Ya riƙe mata hannu.

"Don Allah ki bar min shi."

Idonta ya ciko. "Haka Babana yake cewa."

Ya dubi ƙafarsa, ya sake mata hannu, ya fara ci. Ita kuma ta tsaya a bakin ƙofa da cokalin a hannu, tana bin kowace loma da ido.