Ya Kulle Amarya a Tsakiyar Rafi

A layinmu na bayan kwatas ɗin reluwe akwai wani tsoho da ya dawo daga ƙasar Turawa da jar mota mai kujera biyu. Ubansa daga gabas ya zo aikin jirgin ƙasa, shi kuma a nan Kafanchan aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa gishiri. Yana saurayi ya tsallaka, ya shiga sojan ruwa na can, wato nebi, wai har suka saka shi a jirgin da ke tafiya a ƙarƙashin teku. Ya ce sai su yi watanni ba su ga rana ba. Muka ce, to Oga, ai kifin gwangwani ke nan, ba soja ba.

Motar nan kuwa, kunkuru ya fi ta tsayi. In ta zo kan tudun rage gudu sai cikinta ya yi ƙara kamar ana yanka alade ranar kasuwa. Safe da yamma yana goge ta, abin da bai taɓa yi wa matarsa ba. Ita matar a wani hutu ya aure ta, ita da 'yarsu a nan ya bar su, yarinyar ta girma tana ganin ubanta a hoto. Matar ta rasu kafin ya dawo.

Da auren 'yar ya tashi, kawunta wanda ya biya mata makaranta ya ce shi zai miƙa ta a coci. Tsohon ya yi ta zarya, ya kai ƙara wajen fasto, ya durƙusa wa dattawa, har yarinyar ta ce to, Papa ya miƙa. Abin da yake nema ke nan duk duniya. Ya kuma rantse a motarsa zai kai ta.

A wani ƙauye bayan Fadan Kagoma za a ɗaura, cocin su ango. Ni direban bas ne, aka ɗauke ni in kwashi zumuntar matan coci. Damina ce, an kwana ana ruwa. Muka iso wani rafi da kwalbatinsa ya karye, ruwa na bi ta kan hanya. Na taka na wuce, matan suna waƙa. Shi kuwa tsohon, da amarya a motarsa, ya tsaya a bakin ruwa yana leƙe.

Na leƙo ta taga na ce, "Oga Nebi! Kai da ka kwana da kifaye, fitsarin akuya ne ya tsayar da kai?"

Wata mama a bayana ta ce, "Bar shi, yana neman taswira!"

Masu acaba da ke jiran fasinja a wurin suka kwashe da dariya. Amarya ta ce masa su sauka ta shiga bas, kowa ya ji. Ya gyara hula, ya ba motar wuta.

A tsakiyar rafi motar ta yi tari sau ɗaya ta mutu.

Ruwan nan bai kai gwiwata ba, na rantse. Jaririn agwagwa zai tsallaka yana hamma. Buɗe ƙofa kawai za su yi su fito. Amma da ruwa ya fara shigowa ta ƙasa ya taɓa masa takalmi, sai hankalin tsohon ya koma ƙarƙashin teku inda ya fito. A jirginsu an koya musu cewa in ruwa ya shigo, ka rufe kowace ƙofa, ko ɗan'uwanka ne a baya. Sai ya ɗaga gilasai, ya danna makulli, ya riƙe hannun yarinyar gam.

Muna bugun gilashi muna ihu, "Buɗe! Buɗe mana!" Yana kallonmu da ido fari fat, bakinsa na motsi, yana ba da oda ga mutanen da ba sa nan. Amarya na kuka, kwalliyarta na zuba, jan ruwa yana hawa farar rigar kamar ana jiƙa garin kwaki.

"Yesu, zai kashe yarinya!"

"Ba kisa ba ne, Mama," na ce, "baftisma ce ta biyu, kyauta."

Ƙanen ango da ya zo rakiyar amarya ya ɗauko dutse ya fasa gilashin gefenta. Ƙarar da tsohon ya yi, ka ce haƙarƙarinsa aka fasa. Aka zaro ta ta taga, takalmi ɗaya ya bi ruwa, gwiwar hannunta na jini. Shi kuma da ya dawo hayyacinsa, ya fito, ka san inda ya fara dubawa? Gilashin. Ya tsuguna cikin ruwa yana tsintar ɓaraguzai.

Yarinyar ta tsaya tana kallonsa. Ba ta yi ihu ba. Ta ce, "Papa, zauna da 'yarka. Ni ina da kawu."

Matan suka naɗe ta da zanen zumunta, muka wuce. Ba wanda ya ce masa shigo, ni ma ban ga dalilin jiƙa kujerata ba.

A coci aka yi ta yabo, amarya cikin aron takalmin wata mai wa'azi, ya yi mata girma kamar kwalekwale. Ana cikin karatu tsohon ya iso a bayan acaba, kwat na ɗiga, laka har kunne. Ya nufi gaba. Mai tsaron ƙofa, wata 'yar gajeriyar mace mai sayar da citta, ta tare shi da sanda.

"Baba, gaba na iyaye ne."

"Ni ne uban."

"An riga an samu."

Ta shimfiɗa masa buhu a bencin ƙarshe don kada ya ɓata wa coci katako. Fasto ya ɗaga kai ya ce, "Wa ke ba da wannan mace ga wannan mutum?" Tsohon ya fara miƙewa. Kafin ya gama, kawu ya riga ya ce, "Ni ne," matan suka ɓarke da guɗa.

Ya tsaya haka, rabi tsaye rabi zaune, har wani a gefensa ya ja masa kwat ya ce ya zauna yana tare wa yara.