Sandar Takaina Ta Koma Korar Awaki

Jiya na tarar da ɗana yana korar awaki da sandar takaina. Na ƙwace ta da faɗa, sai tsohon da ya sassaƙa min ita ya faɗo min a rai, makaɗin ƙauyenmu kusa da Tajaye.

Ina saurayi ba ni da aiki sai faɗa. Ranar da na fasa wa wani baki, tsohon bai yi min wa'azi ba. Da la'asar ya saka ni da wanda na fasa wa bakin cikin rawar takai, muna fuskantar juna. Na kai sanda da ƙarfi, na sami yatsun abokin faɗana. Ganga ta tsaya cak.

"Ɗana, sandarsa za ka tarba, ba shi ba. Sake!"

Muka yi ta sakewa, gumi na shiga idona, har ƙarar sandunanmu ta zo daidai da kiɗan. Tun ranar ban ƙara dukan mutum ba.

Yau gara ta cinye gangar. Ɗana ya gado zafin zuciyata, ni kuwa ban tsaya na koyi kiɗan ba. Tsawa kawai na iya.

Allah Ya sanyaya kabarinka, Baba makaɗi, Ya ba ni ko rabin haƙurinka.