Jinin Kaka Beryl

Kakata Beryl Howlett ta yi shekara talatin tana dafa wa 'yan makaranta abinci a ƙauyenmu na Norfolk, a Ingila, kullum fuskarta fara fat kamar mai jinya. Duk likitan da ya duba ta sai ya ce ƙarancin jini ne, ya rubuta mata ƙwayoyi. Ta sha har ta gaji, ba abin da ya sake. Sai ta koma ɗura mana hanta da albasa duk Alhamis, wai kada mu gaje ta.

Mun kuwa gaje ta. Ina da cikin wata biyu ungozoma ta ce min ina ɗauke da talasimiya, ciwon jini na gado. Mai ɗauke da shi lafiyarsa ƙalau, amma in mijina Colin ma yana da shi, ɗanmu zai iya buƙatar ƙarin jini duk wata. Ta ce a kawo Colin gwaji da wuri.

Ni ce mai riƙe da akwatin takardun gidanmu, kuma ina ji da kaina. Na ce, "Kuskure ne. Wannan ciwon mutanen Girka ne. Mu shekara ɗari uku a harabar coci guda ake binne mu." Ta ce ana samunsa a Turawan Ingila ma jefi-jefi. Ban saurare ta ba.

Kwana tara na yi ina tonon rajistar coci, ina neman baƙon da ya shigo mana. Da na rasa, na je wa Kaka.

"Kaka, mahaifiyarki ba ta taɓa aiki a tashar jirgin ruwa ba?"

"Ji marar kunya! Uwata ko teku ba ta taɓa gani ba. An ɗebi jinin Colin?"

"Tsoron allura yake."

"Kina can kina tuhumar matattu, mai rai yana zaune yana kallon ƙwallo?"

Ta zura kwat ɗinta, ta shiga bas da sandarta, ina biye. Muna isa gida ta kashe wa Colin talabijin.

"Tashi, ango. Ƙato da kai!"

Ita ta riƙe masa hannu a asibiti. Ana zare allurar ya sume a kafaɗarta.

Bayan kwana shida ungozoma ta kira, ta ce Colin ba ya ɗauke da komai. Na zauna a matakala na sha kuka. Kafin in share hawaye in kira Kaka, mai kanti da matar limamin coci duk sun ji labarin suman Colin daga bakinta.