Hannun Kawu

A shekarar korona ni ne mai cefanen gidanmu, kuma ni ne mahaukacin unguwa. Haka suka ɗauke ni, ba su ma ɓoye ba. Ina koyarwa a wata firamare a ƙasar Wurno, da aka rufe makarantu sai na zauna gida da rediyo, kullum ina jin yadda cutar ke ɗauke tsofaffi da masu ciwon ƙirji. Inna, mahaifiyata, ta haɗa duka biyun. Ta haura saba'in, kuma fuka ta fi shekara talatin tana wahalar da ita. Hayaƙin murhu kaɗai kan zaunar da ita tana jan numfashi har sai an kawo mata abin shaƙa.

Don haka na kafa doka a gidan. Bokiti da sabulu a zaure. Yara su gaishe ta daga bakin ƙofa, masu zuwa gaisuwa su tsaya a tsakar gida. Modarta daban, ludayinta daban. Wata biyu muna haka, tana mita, wai na ɗaure ta ba tare da alƙali ya ji ta bakinta ba. Ni dai in ta gama faɗan, in ce Allah ya huci zuciyarki, in je in ƙara ruwa a bokiti.

Ƙofa ɗaya ce na kasa rufewa, ita ce kasuwa. Ciki bai san an rufe gari ba. Duk ranar kasuwar Goronyo nakan hau babur ɗina in tafi, don na daina shiga motar haya inda ake cusa mutum har numfashin na kusa da kai ya zama naka. Takunkumina tela ne ya ɗinka da ragowar atamfar matata, mai furanni ja da rawaya. Tun daga 'yan hatsi ake sanar da zuwana.

"Ga Likita nan ya iso! Ku ba shi hanya, kar ku shahe shi!"

Wasu masu hali sun ajiye bokiti mai famfo a bakin kasuwa. Makon farko akwai ruwa da sabulu. Mako na biyu sabulu ya yi ƙafa. Na uku na iske wani yana wanke yalo a ciki, har yana yi mini tayi.

Abin da ya fi ƙona mini rai leda ce. Mahaucin da nake saye wurinsa zai yanka nama, ya lashi yatsa, ya murza bakin leda, in ta ƙi buɗewa ya kafa baki ya hura mata iska har ta kumbura, sannan ya zuba naman da Inna za ta sha romonsa. Shekara da shekaru ina ganin haka ban taɓa lura ba. Da na fara zuwa da kwanona mai murfi, sai ya riƙe ƙugu.

"Malam, mi na na kuma wanga? Numhwashina ka ba ka tsoro? Ni da nika kwana da alwala?"

Mai nono kuwa ludayi ɗaya take miƙa wa duk mai son ɗanɗanawa, daga wannan baki zuwa wancan. Na daina sayen nata, ta daina amsa gaisuwata. In na dawo gida sai in shanya kayan a rana, a wanke tattasai da tarugu da ruwan gishiri, in tuɓe riga a zaure, in yi wanka, sannan in leƙa Inna. Maƙwabta suna ta dariya, wai cutar manya ce masu hawa jirgi, me zai kawo ta gonar gero. Ina jin su. Babu ko ɗaya a cikinsu da ya taɓa zama yana ƙirga numfashin uwarsa.

Akwai rumfa ɗaya da nake kewaye wa, ta Kawu. Ƙanin Inna ne uwa ɗaya uba ɗaya, dillalin albasa, mai bin manyan motoci zuwa kudu ya dawo. Tunda abinci yake ɗauka, rufe hanya bai hana shi tafiya ba. Mutum ne mai faɗin hannu da faɗin murya, kuma in ya kama hannunka ba ya saki sai ya tambayi lafiyar kowa har da akuya. Na san hali, shi ya sa nake bi ta bayan 'yan kifi.

Ran nan, bayan ƙaramar salla, ruwan farko ya sauka, bayan 'yan kifi ya zama taɓo. Na bi ta gaba. Muryarsa ta cafke ni.

"Kai, ɗan yayata! Ɓoyo kaka yi man? Taho nan, shekaranjiya nid dawo."

Yana zaune kan buhu, abokan sana'arsa sun kewaye shi. Ya miƙo hannu biyu. Na durƙusa nesa kaɗan, na ɗora hannuna a ƙirji, na gaishe shi da duk ladabin da na iya. Hannayen suka tsaya a sama suna jira.

"Kawu, a yi man haƙuri. Lokacin ga na cuta na, an ce a bar musabaha."

"Mi kac ce?"

Na maimaita.

"Ni ad da cuta ke nan? Hannun ga shi yar riƙe ka ran da anka yi maka kaciya, kana ta kuwwa. Yau shi na ƙazanta?"

A lokacin akwai guntun sabulu a aljihuna, akwai gorar ruwa ɗaure a babur, taku ashirin daga wurin. Da na ba shi hannun, na je na wanke, da magana ta ƙare. Wannan lissafin bai zo mini ba sai daga baya. Abin da ya zo mini shi ne haushin wata biyu, na mahauci da mai nono da masu kirana Likita, duk na juye wa Kawu. Na miƙe tsaye na yi masa darasi kamar ɗan aji uku: daga ina ya fito, mutum nawa ya gaisa da su a hanya, da yadda mutum kan ɗauki cutar bai sani ba. Duk abin da na faɗa gaskiya ne, har gobe ina kan bakana. Amma a gaban abokansa na faɗe shi.

Ya janye hannun a hankali ya goge a riga. Ya cika mini buhu da albasa da kansa.

"Ka gaida yayata," ya ce. "Ko kuwa bari. Ni ka zuwa da kaina."

A wurinmu babba ba ya sa-in-sa da yaro. In ɗa ya yi maka laifi, wurin wanda ya haife shi kake kai ƙara. Na san wannan tun ina ƙarami, amma ranar ban auna inda za a kai tawa ƙarar ba.

Washegari da hantsi ya iso. Ya wuce bokitin zaure bai ko dube shi ba, ya yi sallama, ya ɗaga labule ya shiga ɗakin Inna, wanda jikokinta suka yi wata biyu ba su taka ba. Wa zai tare shi? Ɗakin yayarsa ne. Ina tsakar gida ina jin muryarsa, can sai Inna ta kira ni.

"Ƙanena kak kunyata cikin kasuwa?" ta ce. "Karatun naka ke nan? Durƙusa."

Na durƙusa a bakin ƙofa, da gemuna da 'ya'yana huɗu. Na ba shi haƙuri. Na ce amma don Allah su fito inuwar tsakar gida, ko ya ɗan matsa baya. Inna ta dube ni sama da ƙasa, ta ce a dama fura a kawo. Matata ta kawo ƙwarya da ludayi biyu. Inna ta mayar da ɗaya.

"Mu da munka sha nono guda, ludayi ka raba mu?"

Haka suka sha, ya kai baki ya miƙa mata, ta kai ta miƙa masa, don ta wanke masa abin da ɗanta ya yi. Ta riƙe hannunsa a cinyarta suna hirar mutanen garinsu Marnona da suka rasu. Har azahar yana ɗakin, ɗaki mai taga ɗaya ƙarama. Ina tsaye a waje, haushi ya cika ni. Duk tattasan da na wanke, duk wankan zaure, duk dariyar da na haɗiye, ga inda suka ƙare.

Kwana takwas bayan haka zazzaɓi ya kama ta, tari ya biyo baya. Abin shaƙa ya daina yi mata aiki. A ƙaramin asibitin da muka kai ta babu abin gwajin cutar, suka ce sai Sakkwato. Ta ce ba za a kai ta inda za a hana 'yan'uwanta ganinta ba. Kwana huɗu ta yi. Ta cika da hantsi, ina riƙe da kafaɗunta.

Mutane suka ce fuka ce, ai ta daɗe tana fama. Suka ce kwana ne ya ƙare, kuma na yarda, ni ma Musulmi ne. Kawu ko atishawa bai yi ba, kafin nan ko bayan nan. Mai yiwuwa bai kawo komai ba. Ban sani ba, babu mai iya gaya mini, kuma rashin sanin nan ne ke tayar mini da haushi har yau: haushin masu dariya, haushin Kawu da ya ga bokiti ya wuce, haushin Inna da ludayinta, da haushin kaina da ya fi duka.

Ni da Kawu muka sa ta a kabari. Da aka jera itace, shi ya fara fita. Na yunƙura zan fita, amma ƙasar jiƙaƙƙiya ce tana zamewa. Sai na ga hannu a gabana, mai faɗi, duk laka. Idanunsa sun yi ja. Na kama, ya jawo ni sama, kuma kamar yadda ya saba bai saki da wuri ba. Guntun sabulun yana aljihuna.