Farin Kaset ɗin Kawu

Duk lokacin da injin niƙa ya sarƙe a kasuwar Tambuwal yana gurnani, ɗakin kawuna na Kebbe nake tunawa.

Kawu likitan dabbobi ne. Ya yi karatu a wata ƙasar Turai mai tsananin sanyi, ya dawo da rikoda da kiɗan wasu samari huɗu masu gashi har gadon baya, waɗanda ko a garinsu ba kowa ya san su ba. Jitarsu kamar ana jan kwanon rufi a kan dutse, ganga ba hutawa, mawaƙin kuma ruri kawai yake daga maƙogwaro. Da an kunna, Kaka sai ta ja tabarmarta zuwa bakin rumbu tana a'uziyya.

Kaset uku suka yi kafin su watse. Biyu suna da hoto. Na ukun fari ne, da biro aka rubuta sunansa, mai gangar ne ya ba Kawu hannu da hannu.

Mu biyu ake kaiwa can hutun damina, ni da sa'ana, ɗan ƙanwar mahaifiyata. Ni na haddace jerin waƙoƙin, ni ke naɗe zaren in rikoda ta tauna shi. Shi ko a jikinsa. Amma wata rana da hantsi muna ɗaure awaki, ƙasa na ƙamshin ruwan da aka yi, sai ya buɗe baki ya yi rurin nan daidai, har akuya ta fizge igiya. Kawu ya yi dariya har da hawaye.

"Wanga yaro kamar da su aka haife shi!" in ji shi. "Farin kaset naka ne."

Ban iya cin abincin rana ba. Da Kawu ya hau babur ya tafi Fakku duba shanu, na shiga ɗakin, na sa farin kaset, na danna jan maɓallin ɗaukar murya, na yi ta ruri har muryata ta dishe. Da zan iya, da na ce maka ban san yana gogewa ba. Na sani sarai.

Da la'asar Kawu ya dawo ya kunna. Waƙa biyu suka wuce, sai ga muryata siririya kamar ɗan akuya mai mura. Ya saurara har ƙarshe, ya kashe.

"Mi na yi maka, ɗana?"

Bai buge ni ba, bai kuma kai ƙara wurin iyayena a Tambuwal ba. Ya dai sayo kwaɗo ya sa wa ƙofar.

Yanzu rikoda ta zama tarkace, komai yana cikin waya. Bara, bayan rasuwar Kawu, na bincika. Biyun suna nan. Na ukun kuwa, mutane daga ƙasashe masu nisa suna ta cigiyarsa, su kansu masu kiɗan sun ce nasu ya ɓata.

Na je Kebbe na gaya wa ɗan'uwana, wanda ya gaji duka ukun. Ya ce da ciwon Kawu ya yi tsanani, kullum sai ya aika a kira shi su ji sauran waƙoƙin farin kaset tare. Ni ba a taɓa aiko mini ba. Da furfurata da komai, sai na ji kishin nan na yarinta ya dawo mini.

"In an zo wurin muryata fa?" na tambaye shi.

Ya sunkuyar da kai yana murza hularsa.

"Cewa yakai in tura kaset ɗin gaba."